Ƙaron Daji da Ƙaron Teku

Laccar da aka gabatar ga jama'ar Hausawa mazauna Gadarif, ƙasar Sudan

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin tudu da teku, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sanya ta makomar duk abin da ya tsiro daga cikinta.  

Mas'alar da muka taru dominta yau, wato kasuwar da ke bunƙasa a duniya ta kayan ƙunshi masu ruɓewa waɗanda ake tatsowa daga halittun teku, mai yiwuwa ne wani daga cikinku ya ga kamar ta yi nisa da mu, tun da yake mu mutanen baƙar ƙasa ne, arzikinmu dawa da riɗi da ƙaro, kuma tsakaninmu da gaɓar Bahar Maliya akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita ta kan Kassala kafin a kai Bur Sudan. Amma ina fatan kafin mu tashi za ku yarda da ni cewa babu jama'ar da ta fi mu cancantar ta fahimci wannan ciniki, domin irinsa ne muke yi tun kaka da kakanni, kuma kuskuren da aka yi a namu shi ne ake shirin maimaitawa a wancan.

Mafarin cutar

Sai mu fara da cutar kafin mu zo ga magani. Robar da ake yi da sinadarai zalla ba tsohuwar aba ba ce. A shekarar 1907 ne Leo Baekeland ya haɗa ta farko a Amurka; a 1933 aka gano irin wadda ake yin leda da ita a Ingila; ledar hannu kuwa, wadda mai shago ke miƙo maka ko da ashana ka saya, wani kamfani na ƙasar Suwidin ne ya yi mata rajista a 1965. A 1950 duk robar da duniya ta ƙera ba ta wuce kimanin tan miliyan 2 ba, yau kuwa ana ƙera fiye da tan miliyan 400 kowace shekara. Wani ƙiyasi da masana uku na Amurka suka fitar a 2017 ya nuna cewa daga cikin sharar roba da ɗan Adam ya tara har zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake narkarwa aka yi wani abu da su, kashi 12 aka ƙone, sauran kashi 79 kuwa suna nan jibge a juji, ko warwatse a daji da kogi da teku.

Ba mu bukatar littafi ya gaya mana inda rabonmu na wannan kashi 79 yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci yayin da yake fede saniyar da ta yi kiwo a gefen gari, ya ga yadda yake zura hannu cikin tumbi ya jawo wani dunƙule baƙi mai wari, ledoji da igiyoyin buhu sun murɗe da juna sun yi tauri har wuƙa ba ta shiga, ya san dalilin da ya sa dabbar ta rame alhali cikinta a kumbure yake: ta ƙoshi da abin da ba ya narkewa, yunwa ta ci ta da cikakken ciki. Haka kuma idan damina ta sauka, kwatoci da magudanai suka toshe, ruwa ya kwanta a unguwa, sauro ya samu gida, ledar nan ce dai. Wannan shi ne fasadi a tudu da teku wanda Alƙur'ani mai girma ya danganta shi ga aikin hannayen mutane, kuma mun gan shi da idanunmu.

Me ya sa leda ba ta ruɓewa, alhali ganye da takarda da fata duk suna ruɓewa? Masana sun bayyana cewa dukansu, da ledar da ganyen, an gina su ne da ƙananan ƙwayoyi masu kama da juna, a jere a kan tsari guda tamkar 'ya'yan carbi a zare, kuma irin wannan dogon jeri shi suke kira folima. Jerin da Allah ya halitta cikin itace da dabba, ya halitta masa kuma ƙananan halittu a cikin ƙasa da ruwa waɗanda ke iya tsinka shi su cinye, su mayar da shi taki. Jerin da aka ƙera daga man fetur kuwa baƙo ne gare su, ba su da abin warware shi, saboda haka sai dai rana da iska su farfasa shi ya zama ƙura, ƙurar ta shiga ruwan sha da cikin kifi, amma ainihinsa yana nan.

Hukumomi sun yi ƙoƙarin hani. Bangaladash ta haramta siraran ledoji a 2002, Ruwanda a 2008, Kenya a 2017, Tanzaniya a 2019. A watan Maris na 2022 ƙasashen duniya suka amince a Nairobi za su ƙulla yarjejeniya guda kan sharar roba, sai dai an zauna a Busan a ƙarshen 2024, aka sake zama a Janiba a watan Agusta na 2025, duka aka tashi ba a daidaita ba. Hani kuwa ba ya ɗorewa sai an ba mutane madadi, kuma neman wannan madadi shi ya mai da hankalin masu ilimi da masu jari zuwa ga teku.

Abin da teku ke bayarwa

Daga ciyayin teku ana fitar da ƙaro iri uku, kowanne da tarihinsa. Na farko shi ne agar, wanda mutanen Japan suka san sarrafa shi tun ƙarni na 17, kuma wanda wata mata mai suna Fanny Hesse ta ba da shawara, wajen 1881, a riƙa renon ƙwayoyin cuta a kansa a ɗakin binciken Robert Koch a Jamus. Har yau babu asibitin da ke auna cuta da zai wadatu daga gare shi. Na biyu shi ne aljinet, wanda wani masanin sinadarai na Birtaniya, Stanford, ya fitar daga ciyayi masu launin ruwan ƙasa na ruwan sanyi a farkon shekarun 1880. Shi likitan haƙori ke cusawa a baki ya ɗauki siffar dasashi, da shi ake yin audugar ɗaure gyambo, da shi kuma masaƙu ke kaurara rini kafin a buga zane a atamfa. Na uku shi ne karajinan, daga jajayen ciyayi, wanda ke cikin madarar kwali da man goge baki da alawa iri-iri.

Ban da ciyayi, akwai ɓawon jatan lande da na ƙaguwa, wanda masana'antun kifi ke zubar da miliyoyin tan nasa kowace shekara. A cikinsa akwai wani abu da ake kira kaitin, wanda Bafaranshe Braconnot ya fara ganowa a 1811, kuma idan aka dafa shi da kanwa mai ƙarfi sai ya zama kaitosan, wanda ake tace ruwa da shi, ake tsayar da jini da shi, ake kuma shafa wa 'ya'yan itace don su daɗe ba su lalace ba. Ga mu mabiya mazhabar Imamu Malik akwai wata fa'ida ta musamman a nan, domin a wurin malamanmu dabbobin teku halal ne, masu tsarki, balle ciyayinsa. Saboda haka duk inda ƙaron teku ya maye gurbin wanda ake dafowa daga fata da ƙashin dabbar da ba a san yadda aka yanka ta ba, ko ma daga alade, to an ɗauke wa Musulmi wata shubuha a cikin abincinsa da kwanson maganinsa.

Waɗannan duka tsofaffi ne a kasuwar abinci da magani. Abin da yake sabo shi ne ƙoƙarin mayar da su abin ƙunshi. Idan aka narka aljinet a ruwa aka ɗiga shi cikin ruwan da ke da sinadarin alli, nan take sai ya yi fata siririya mai sheƙi wadda ke riƙe ruwa a cikinta, ana iya haɗiye ta, ana iya yar da ita ta ruɓe cikin makonni. Da wannan hikima wani kamfani na Landan mai suna Notpla, wanda ɗalibai biyu suka kafa a 2014, ya raba wa masu gudun dogon zango na Landan abin sha a 2019 ba tare da gora ba, kuma a 2022 ya ci lambar Earthshot saboda kwalayen abinci da yake shafe cikinsu da ciyawar teku maimakon roba. A Indonesiya kamfanin Evoware ya yi kofuna da takardun naɗi daga ciyawar da manoman tsibiransu ke nomawa. A 2019 kuma wata ɗaliba 'yar Ingila, Lucy Hughes, ta ci gasar James Dyson da wata leda da ta haɗa daga ƙambori da fatar kifi da agar.

Game da girman kasuwar, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta ciyawar teku da ake girbewa a shekara da kimanin tan miliyan 35 ɗanya, kusan dukanta nomawa ake yi, kuma Sin da Indonesiya ne ke kan gaba nesa ba kusa ba. Bankin Duniya, a rahotonsa na 2023, ya lissafa sababbin kasuwanni goma na wannan ciyawa, ciki har da madadin roba, ya yi kirdadon za su iya ƙaruwa da dala biliyan 11.8 kafin 2030. Babbar falalarta kuwa, wadda ku manoman Gadarif za ku fi kowa gane ƙimarta, ita ce ba ta cin gona, ba ta shan ruwan daɗi, ba ta bukatar taki. Alhali robar da ake yi da masara ko rake tana takara da bakin ɗan Adam a kan ƙasa da ruwa, kuma mutumin da ya san tsadar gangar ruwa a kan amalanken jaki a tsakiyar rani ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Sai dai amanar ilimi ta wajabta mini in faɗi naƙasun wannan sana'a kamar yadda na faɗi falalarta. Duk robar da ake yi daga tsirrai da halittu, in aka haɗa ta wuri guda, ba ta kai kashi 1 cikin 100 na robar duniya ba, rabon teku a cikinta kuma ƙanƙane ne ƙwarai. Ledar ciyawar teku ta fi ta fetur tsada, kuma danshi yana raunana ta. Sa'an nan ba duk abin da aka rubuta wa "mai ruɓewa" ne ke ruɓewa ba: akwai ledar fetur da ake zuba wa wani magani don ta yi saurin farfashewa, wadda Tarayyar Turai ta haramta tun 2021 saboda ƙura kawai take zama, akwai kuma wadda ba ta ruɓewa sai a ma'aikatar taki mai tsananin zafi, wadda babu irinta a garuruwanmu. Haka nan teku ba rumbu ne marar ƙasa ba. A Maroko, inda masu nutso na yankin Al-Jadida ke tsinko ciyawar agar daga duwatsu, an yi ta kwasa har hukuma ta ƙayyade abin da za a ɗiba, kuma a 2015 ɗakunan bincike na duniya suka shiga ƙarancin agar. Israfi haramun ne, ko a cikin abin da yake halal.

Darasin ƙaro

Yanzu na zo ga zuciyar maganata. Ƙaron da ke fita daga ɗakwara, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira hashab, da na talha, ɗan'uwan waɗannan ƙaruka na teku ne ta fuskar halitta, kuma mun san shi tun muna kan buzun makarantar allo. Malam ya samo gawayi ko ƙunar bakin tukunya, a niƙa a tankaɗe, a jiƙa ƙaro ya kwana har ya narke, a gauraya a tace a zuba a kurtu. Ƙaron nan shi ke riƙe baƙin ya zauna a kan allo ya yi sheƙi, kuma ranar da almajiri ya haddace, ruwa kaɗan ya isa ya wanke shi tas, abin da aka wanke kuma ba ya cutar da ƙasa ko cikin wanda ya sha. Abin da masana'antun Turai ke kashe dukiya suna nema, wato abu mai riƙewa lokacin da ake so ya riƙe, mai saki lokacin da aka gama da shi, yana cikin kurtun kowane gardi.

To, yaya cinikinsa ya kasance? Mai tsaga yakan shiga daji bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da ganye ya fara zuba, ya ɓare ɓawon reshe cikin ƙaya da zafin rana, ya jira wajen kwana arba'in kafin ya yi tsintar farko, sa'an nan ya riƙa komawa bi da bi har ƙarshen rani, kuma abin da itace guda ke ba shi a shekara galibi bai kai rabin kilo ba. Sau da yawa kafin ya tsinta ya riga ya ci kuɗin ta hanyar shail, wato bashin da ɗan kasuwa ke bayarwa tun da damina a kan farashin da shi ya yanke. Daga nan ƙaro ya bi kasuwar amfanin gona ta nan Gadarif ko ta Al-Ubayyid, ya sauka Bur Sudan a buhu, ya haye teku. Sudan ce ke fitar da mafi yawan ɗanyen ƙaro na duniya, Chadi da Nijeriya na biye da ita, kuma muhimmancinsa ya kai har lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar nan takunkumi a 1997 sai da aka buɗe masa ƙofa, domin masu lemon kwalba da masu magani ba su da madadinsa. Daga 1969 zuwa 2009 kamfani guda ne ke da ikon fitar da shi ɗanye. Amma duk da wannan, ƙasar da ta fi kowa sayar da sarrafaffen ƙaro ita ce Faransa, inda ɗakwara ba ta tsiro. A can ake narka shi, a tace, a busar ya zama gari fari, a sayar da shi ninkin-ba-ninkin abin da mai tsaga ya karɓa. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, wanda ya cika garinmu da 'yan'uwa masu neman mafaka, ya ƙara tona asirin wannan rauni, domin wanda ba shi da komai sai ɗanyen kaya, ranar da hanya ta yanke ba shi da ta cewa a kan farashi.

Ku dubi Zanzibar ku ga labarin nan yana sake aukuwa a bakin ruwa. Tun 1989 aka fara noman ciyawar teku a ƙauyuka irin su Paje da Jambiani, kuma mafi yawan manoman mata ne Musulmi. Idan ruwa ya janye, sai su shiga har gwiwa, su kafa turaku a cikin rairayi, su ja igiya tsakaninsu, su ɗaura 'yan rassan ciyawa a jere. Bayan kamar mako shida su kwance, su ɗauko a ka, su shanya a rana, su sayar wa dillali da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a kai ta Turai da Amurka da Asiya a fitar da karajinan. Da ruwan gaɓa ya ƙara ɗumi kuma, sai irin da ya fi tsada ya fara mutuwa. Abin da ya fara sauya musu hali shi ne aikin masana irin su Dakta Flower Msuya, wadda ta koya wa ƙungiyoyin mata niƙa ciyawar su yi sabulu da man shafawa da garin abinci da hannunsu. Hukuncin guda ne a daji da teku: wahala ta mai tsinta ce, riba ta mai sarrafawa.

Abin da ya hau kanmu

Sudan tana da gaɓar teku fiye da kilomita 700, gaɓar da kakanninmu alhazai suka san ta tun suna jiran jirgi a Sawakin. Noman ruwa ba baƙo ba ne a can, domin tun farkon ƙarni na 20 Cyril Crossland ya yi kiwon kawar lu'ulu'u a Dunganab har zuwa 1922. Amma Bahar Maliya ruwa ne mai zafi da gishiri, murjaninsa kuma amana ne, har an sanya Sanganib da Dunganab cikin wuraren gadon duniya a 2016. Saboda haka wajibi ne bincike ya riga jari, a gwada ciyayin da Allah ya halitta a wurin kafin a shigo da baƙon iri. A nan nake kira gare ku, ɗalibanmu na Jami'ar Gadarif da sauran makarantu: ilimin sinadarai da na sarrafa abinci farilla ce ta kifaya, wadda in babu mai ɗauke ta a cikin al'umma, laifin yana kan kowa. Masu bincike a Malesiya sun riga sun nuna cewa shafa wa tumatir ruwan ƙaro yana jinkirta lalacewarsa, kuma haɗa ƙaro da kaitosan yana kare ayaba daga ruɓa. Ƙaronmu ne a hannun wasu, kuma babu abin da ya hana a yi wannan gwaji a nan, a kan tumatirin da ke zubewa a kasuwarmu.

Ku 'yan kasuwa, dukiyar da mutum guda ba zai iya kafa injin tace ƙaro da ita ba, ta mutum ashirin za ta iya. Ku yi tarayya, ku kuma sassauta wa mai tsaga a kan shail, domin cinikin da aka gina a kan larurar talaka ba shi da albarka. Ku manoma, tun da aka fara noman inji a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940 ake ta sare dajin hashab da talha ana mayar da shi gona, alhali dokar gandun daji ta tanadi a bar wa itatuwa kashi 10 cikin 100 na gonar damina. Ku cika wannan haƙƙi, domin itacen nan yana gyara ƙasa, yana tare iska, kuma duniya tana dawowa neman abin da yake zubarwa. Ku iyayenmu mata, kada a jira ledar teku ta iso daga Landan kafin a rage ta fetur, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kwandon kaba da ƙwarya da jakar tsumma da kwanon awo suna nan, kuma cefanen da aka ɗauko a cikinsu ba ya kashe akuyar kowa. Ku malamai kuma, ku shigar da wannan cikin wa'azi da huɗuba, ku tunatar da jama'a cewa kawar da cuta daga hanya yana cikin rassan imani, kuma ɗan Adam halifa ne a bayan ƙasa, za a tambaye shi abin da ya bari a kanta.

Allah ya sanya albarka a cikin dajinmu da tekunmu, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani da hannu mai sana'a. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne.